Cin Amana

cin amana (suna, namiji; mai yi: maci amana). Tozarta abin da aka damƙa wa mutum bisa yarda, kamar ajiyar kuɗi, sirri ko dukiyar maraya. Sai an yarda da mutum kafin ya iya cin amana. Shi ya sa ba a jingina shi ga ɓarawon da ya haura katanga, sai ga maigadin da ya buɗe masa ƙofa, kuma laifin maigadin ya fi muni. Zamba kuwa, baƙo ma yana yi. Wani zai ce, cin amanar ƙasa fa, wa aka ba ajiyar ƙasa? An ba duk wanda ya yi rantsuwar kama aiki. Da wannan tuhuma aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa a 1986, bisa zargin ƙulla wa gwamnatin Babangida juyin mulki.