Yaƙin Jihadi a Daura

Yaƙin Jihadi a Daura shi ne rikicin da ya kawar da gidan sarautar Haɓe daga birnin Daura wajen 1805, ya kuma raba ƙasar gida uku har kusan shekara ɗari. Ko da yake Daura ƙarama ce a fili, Hausawa na ɗaukarta uwar Hausa Bakwai saboda labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, don haka faɗuwarta ta girgiza zukata fiye da girmanta.

Wutar daga Gobir ta taso. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, jama'arsa kuma suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto. Yunfa ya aika wa sarakunan Hausa saƙo cewa su yi hattara da malaman da ke cikin ƙasashensu. A nan ne lamarin ya lalace, domin sarakuna da dama sun fara farautar duk wanda ake zargi da bin Shehu, suka tura masu shakka ma cikin sahun 'yan jihadi. Dama akwai miki a ƙasa. Makiyayi yana kallo a ƙirga shanunsa a ɗebi jangali, talaka na kuka da haraji da ƙwace, malamai kuma na zargin fada da gauraya addini da al'adun gargajiya.

Sarakunan Kano da Katsina da Daura sun yi yunƙurin haɗa kai, sun kuma nemi agajin Barno, wadda suka daɗe suna kai wa gaisuwa. Ɗan Tunku, wanda daga baya ya kafa Kazaure, yana cikin waɗanda suka hana wannan haɗin ya tabbata. Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya ci birnin Daura, Sarki Abdu, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gwari, ya fice da fadawansa.

Abin da ya bambanta Daura da Kano shi ne zuriyar Abdu ba ta ɓace ba. Sun yi ta ƙaura daga gari zuwa gari da tamburansu da sarautunsu, har suka kafu a Zango da Ɓaure, kowanne na kiran kansa Sarkin Daura. Rashin haɗin kansu ya ja musu, don ƙarfin Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun mai bindigogin igwa, ya rinjayi Zango. Ƙauyukan kan iyaka su suka fi shan wuya, yau hari daga wannan, gobe daga wancan.

Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, wani yanki na ƙasar ya faɗa Nijar. Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa a Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, kuma gidan ne ke riƙe da masarautar har yau.