Labarin Babbar Ruga Da Masu Jiyyar Kutare

Wanda duk ya taso daga Batsari ya nufi birnin Katsina, in ya kusa shiga gari, sai ya ga wani babban asibiti a gefen hanya. Haka kuma mutumin Safana ko na Runka, in ta nan ya biyo. Sunan wurin nan Babbar Ruga. Ran nan na tambayi yaran ajinmu ko akwai wanda ya san asalinsa, sai suka yi tsit, in ban da wani yaro da ya ce ya ji kakarsa tana kiransa gidan kutare. To, ya faɗi rabin gaskiya. Sauran rabin shi ne nake so in ba ku, ku 'yan makaranta, domin a wurin nan ne aikin masu bin addinin Almasihu ya fara taɓa talakan yammacin Katsina, kuma ta hanyar cuta ya taɓa shi, ba ta hanyar wa'azi a kasuwa ba.

Kafin mu kai can, sai mu ɗan koma baya mu ga abin da ya sa 'yan mishan ke bin marasa lafiya tun farko. A cikin Linjila an ba da labarin wani kuturu da ya zo wurin Yesu Almasihu, watau Annabi Isa, shi kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali mutanen zamanin nan ko kusa da kuturu ba su zuwa. An kuma ce ya umurci almajiransa su yi ta warkar da marasa lafiya. Saboda haka Kirista suka ɗauki jiyya wani reshe ne na ibada. Wajen shekara ta 250 wata muguwar annoba ta auka wa ƙasashen Rum, ta daɗe tana kisa har fiye da shekara goma. A birnin Kartaj, kusa da inda Tunis take yau, shugaban ikilisiya mai suna Sifiriyan ya tara jama'arsa, ya ce su yi jiyyar kowa, har da waɗanda jiya-jiya suke tsananta musu. Wani shugaban kuma a Iskandariya ta Masar, Diyonisiyus, ya rubuta cewa da yawa cikin masu jiyyar sun ɗauki cutar sun mutu. Ba su da magani ko ɗaya. Ruwa ne, da abinci, da wanka, da binne gawa. Amma ku sani, a cikin annoba sau da yawa ba cutar kaɗai ke kashe mutum ba, har da ƙishirwa da yunwa, in kowa ya gudu ya bar shi.

A ƙasarmu kuwa, annobar da ta fi kowace girma cikin ƙarnin da ya wuce ita ce murar nan ta 1918, wadda ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko cikin watan Satumba, ta hau jirgin ƙasa ta yiwo Arewa, kafin shekara ta ƙare ta shiga ko'ina. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum wajen 500,000 ta kashe a Nijeriya. A ƙasar Yarabawa, da aka rufe majami'u don tsoron yaɗuwarta, sai waɗansu Kirista na Ijebu-Ode suka riƙa taruwa a gida suna addu'a, cikinsu har da Joseph Sadare da wata malamar makaranta, Sophia Odunlami. Daga ƙungiyarsu da ire-irenta ne ikilisiyoyin da ake kira Aladura suka tsiro, watau masu addu'a.

Amma a Ruma da Safana babu wannan labari, domin a 1918 babu tashar mishan a ƙasar Katsina. Dalili kuwa, sa'ad da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawari Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, aka kuwa fassara alkawarin nan da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna cikin ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Ba don ba su nema ba ne. Tun 1893 waɗansu samari uku, Bingham da Gowans da Kent, suka sauka Ikko da nufin shiga ƙasar Hausa. Shekara ba ta kewayo da kyau ba, a 1894, Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, shi ne kuwa ya raya ƙungiyar da ake kira Sudan Interior Mission, ko S.I.M. a taƙaice. Shekara arba'in da 'yan kai suna kewaya ganuwa, ƙofa ba ta buɗu ba. Abin da ya buɗe ta kuturta.

Kuturta ba irin annobar da ke share unguwa cikin mako guda ba ce. Tafiyar hawainiya take yi, ta shekara biyar ko goma cikin jiki kafin ta nuna kanta sosai. Amma a zamanin nan ƙasashen Arewa suna cikin wuraren da ta fi yawa a duniya, ba kasuwar da za ka shiga ba ka ga kutare. Dole kuma in faɗi wani abu don kada a zalunci kakanninmu. Bahaushe bai saba korar kuturu zuwa daji ba. Yana zaune cikin gari, yana aure, yana cin sadaka, har sarauta gare su, Sarkin Kutare. Kun dai san karin maganar nan, kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Abin da ya gagara shi ne magani, da sanin asalin cutar. Waɗansu su ce gado ce, waɗansu su ce gamin kifi da nono ne, waɗansu su ce rantsuwar ƙarya ce ta kama mutum. Duk ba haka ba ne. Tun 1873 wani likita na ƙasar Norwe, Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Ana ɗaukarta ne ta doguwar cuɗanya da mai ita wanda bai sha magani ba, mafi yawan mutane ma jikinsu ba ya karɓarta sam.

En'e ta Kano da ta Katsina da ta Sakkwato kowace ta keɓe wurin zaman kutare, amma samun likita da ma'aikatan da za su tare a wurin, shekara da shekaru, shi ne wuya. Gwamnati ba ta da isassun likitoci, kuɗi kuma sun yi ƙaranci bayan faɗuwar ciniki ta 1929. 'Yan mishan kuwa sun riga sun gwada hannunsu a Itu ta Kudu da Garkida ta ƙasar Bura. Saboda haka aka yi shawara, aka daidaita, a 1937 S.I.M. ta karɓi riƙon wurare uku: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ƙungiyoyin taimakon kutare na Ingila da Amurka suka riƙa ba da gudummawa, En'e kuma tana ba da nata. Sarakuna ba su sakar musu linzami ba, an gindaya sharuɗɗa game da wa'azi, don kada a tilasta wa Musulmi barin addininsa saboda allura.

To, ku kwatanta da kanku. Ga manomi daga Wagini, ko makiyayi daga bakin Dajin Rugu, ya ga wani tabo ja-ja a bayansa, ya tsikare shi da ƙaya bai ji zafi ba. Ya sha saiwa, ya sha rubutu, tabo sai ƙaruwa. Daga bisani ya ɗaura ƙunshinsa bisa jaki, ya kama hanyar Katsina. Abin da zai tarar a can ya fi kama da ƙauye bisa ga asibiti: ga ɗakunan kwana, ga gonaki inda masu sauran ƙarfi ke noma abincinsu, ga ɗakin magani, ga makaranta. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, ana kiransa calmugura. Da allura ake ɗura shi ƙarƙashin fata, mako bayan mako, shekara bayan shekara, ga zafi, ga kumburi. Gaskiyar magana, amfaninsa kaɗan ne. Waɗansu sun sami sauƙi, da yawa ba su samu ba.

A ganina babban aikin da aka yi a shekarun nan ba allurar ba ce, wankin gyambo ne. Kuturta tana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Mai ita sai ya taka ƙaya bai sani ba, ya ɗauki tukunya daga kan wuta bai ji ba, ciwo ya ruɓa, ƙashi ya lalace, yatsa ya guntule. Wani likitan mishan a Indiya, Paul Brand, shi ya tabbatar wa duniya cewa ba cutar ce ke cinye yatsu da kanta ba, raunin da ba a ji ne. Ashe kuwa wanda ya durƙusa kowace safiya ya wanke ƙafar wani, ya sa magani, ya naɗe da ƙyalle, yatsu yake ceto, ko da shi kansa bai san iyakar abin da yake yi ba. Aikin nan kuwa ba Turawa kaɗai suka yi shi ba. Su 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan hannuwan na 'yan ƙasa ne, da yawansu ma majinyata ne da aka koya wa karatu da ɗaurin ciwo da yin allura, suka zama malaman asibiti. Sunayen Turawan suna cikin littattafai, nasu kuwa galibi sun ɓace. Abin nan yana damuna duk sa'ad da na tuna.

Yanzu ga wurin da ake gardama, ba kuwa zan ɓoye muku ba, don ba yara ƙanana ne ku ba. Waɗansu suka ce, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: 'yan mishan ba don kutare suka zo ba, ƙofa suke nema, suka same ta wurin marasa galihu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin su kansu ba su taɓa ɓoye cewa nufinsu mutane su karɓi bishara ba, haka suke rubuta wa masu ba su kuɗi a Amurka da Kanada. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne zancen yara. Don gudun kada jarirai su ɗauki cutar, akan raba su da iyayensu mata a rene su a gidan reno na mishan. Ta fuskar likita ta wannan zamani dabara ce, amma ku tuna da uwar da aka karɓe wa jinjiri, ku tuna kuma yaron zai tashi a hannun masu wani addini. Sarakuna da malamai sun yi ƙorafi a kan wannan, ba kuwa a banza ba.

Amma kuma in an ce duk abin dabara ce kurum, an yi ƙarya. Mai neman ƙofa kawai ba ya shekara ashirin yana shaƙar warin gyambo, nesa da danginsa, cikin zazzaɓi da zafin bazara. Su a wurinsu jiyya da wa'azi abu guda ne, ba su ga wurin rabawa ba. Majinyatan kuma ba tumaki ba ne da ake kaɗawa. Mafi yawansu da Musuluncinsu suka shiga, da shi suka fita. Waɗansu ƙalilan suka zama Kirista, suka yi karatu, suka zama masu bishara da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, suna cikin tushen Hausawa Kirista na ikilisiyar E.C.W.A., wadda aka kafa a 1954.

Abin da ya sauya kome ƙwaya ce 'yar ƙarama. Wajen ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, wani zangon kutare da mishan ɗin Methodist ke da hannu a ciki, Likita John Lowe ya nuna cewa maganin da ake kira dafson, in an ba da shi kaɗan-kaɗan ta baki, yana kashe cutar, ga shi kuwa da araha. Daga nan ba lalle ne mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ya tare a zango ba. Cikin shekarun 1950 aka buɗe wuraren karɓar ƙwaya a garuruwa da ƙauyukan Arewa, mutum ya zo ran da aka yanka masa, ya haɗiya, ya koma gida. A hayin iyaka ma, a Danja kusa da Maraɗi, S.I.M. ta buɗe wani asibitin kutare a 1956. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani biyu ko uku, wanda ke warkarwa cikin wata shida zuwa shekara guda bisa ga tsarin da aka daidaita daga baya, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Duk da haka cutar ba ta ƙare ba, a 2022 an sami sabbin masu ita fiye da 2,000 a Nijeriya. In ɗayanku ya ga tabon da ba ya jin taɓi, a jikinsa ko na ɗan'uwansa, asibiti za a nufa tun yatsu suna goma.

Ita Babbar Ruga, cikin shekarun 1970, sa'ad da gwamnatoci suka karɓi asibitocin mishan, ta koma hannun hukuma. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo don aikin kutare. Sai ya tarar da waɗansu marasa lafiya da su ma ake ƙyama, watau mata masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta yi wa rauni, miji ya saka, kishiya ta toshe hanci. A 1984 ya fara yi musu aiki, ya ɗinke dubbai, ya koya wa likitocinmu da yawa. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta mai da wurin cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Saboda haka in kun bi hanyar nan yau kuka ga mata zaune a inuwa da ƙunshin kayansu, waɗansu daga Batsari, waɗansu daga Safana, waɗansu ma daga Nijar, layin ganin likita suke jira, a filin da kutare suka yi layin allura a 1937.