Kogi, Tururi da Rufin Kwano: Yadda Paris da Liyon Suka Koyi Tattalin Makamashi

A ranar 6 ga Agusta 1882, wani injiniya mai suna Abel Pifre ya kafa wani ƙaton madubi mai zurfi a lambun Tuileries da ke tsakiyar birnin Paris. Madubin ya tattara hasken rana ya haska shi a kan tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa, tururin ya shiga juya injin ɗab'i. Jama'a na tsaye suna kallo, injin yana fitar da wata 'yar jarida, kwafi wajen 500 a cikin awa ɗaya, babu kwal babu itace. Pifre almajirin Augustin Mouchot ne, malamin lissafi da ya ba duniya mamaki a baje kolin Paris na 1878, inda ya yi ƙanƙara da zafin rana. Tun kafin su ma, a 1839, Edmond Becquerel yana ɗan shekara 19 ya gano a ɗakin binciken mahaifinsa a Paris cewa haske na iya haifar da lantarki, abin da duk wani farantin sola na yau ya dogara a kai.

Amma kwal ya yi araha, jiragen ƙasa suna kai shi ko'ina, sai gwamnati ta janye hannu daga aikin Mouchot. Ya rasu a Paris a 1912 cikin talauci. Haka abin ya riƙa faruwa a Faransa fiye da shekara ɗari: idan makamashi ya yi tsada sai a tuna da rana da tsimi, idan ya sauko a mance. Abin da ya tsira daga wannan mantuwa shi ne wanda aka haƙa a ƙasa, aka shimfiɗa masa bututu, aka kuma ɗora alhakinsa a wuyan wata hukuma ta gari da ba ta canzawa da farashin kasuwa. A ganina nan ne gishirin tarihin yake, kuma Liyon ce ta fara nuna shi.

Liyon garin masaƙa ne. Da alharini ya yi suna, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 ƙananan masaƙun cikin gari suna ta durƙushewa a gaban manyan masana'antu masu injin tururi. Sai wasu attajirai da injiniyoyi suka dubi kogin Rhône, wanda ke gangarowa daga tsaunukan Alps da ƙarfinsa, suka ce me zai hana a kama wannan ƙarfi a kai shi har ɗakin masaƙi ta waya? Daga 1894 zuwa 1899 aka haƙa hanyar ruwa ta Jonage mai tsawon kusan kilomita 19, aka gina tashar Cusset a Villeurbanne, maƙwabciyar Liyon. A lokacin tana cikin tashoshin wutar ruwa mafi girma a Turai. Wutar ba ta ceto tsohuwar saƙar gida kamar yadda aka yi fata ba, amma ta tuƙa taragon cikin gari, ta haskaka tituna, ta jawo masana'antu zuwa gabashin birnin. Har yau tashar tana aiki, a cikin ginin nan na farko.

Édouard Herriot, wanda ya zama magajin garin Liyon a 1905 ya kuma riƙe kujerar kusan rabin ƙarni, ya so a yi wa kogin gaba ɗaya irin wannan aiki, daga iyakar Suwizalan har teku. An yi doka a 1921, aka kafa kamfanin Compagnie Nationale du Rhône, wato CNR, a 1933, hedkwatarsa a Liyon. Tsarin yana da hikima: kuɗin sayar da wuta ne zai biya gyaran hanyar jiragen ruwa da noman rani. Hukumar yankin Paris tana cikin masu hannun jari, domin babban birnin na ƙishirwar wuta. An fara madatsar Génissiat a 1937; a 1940 ma'aikata suka cika wurin aikin da ruwa da gangan don tare sojojin Jamus; sai a 1948 ta fara aiki. Yanzu CNR na da manyan tashoshi 19 a kan kogin, tana ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ruwa ta Faransa, kuma a 2022 majalisa ta tsawaita mata izini har 2041.

Paris ba ta da kogi mai irin wannan gangara. Seine a hankali yake tafiya. Don haka dabararta ta zama ta haɗa kai wajen ɗumama gidaje, domin a can sanyin hunturu ne ke cin mafi yawan makamashin gida. A 1927 birnin ya ba kamfanin CPCU izinin shimfiɗa bututun tururi a ƙarƙashin tituna, aka fara a 1930 daga kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Maimakon kowane bene ya riƙa hura tasa wutar kwal, sai tukunya ɗaya babba ta ciyar da unguwa. Bututun yanzu ya haura kilomita 500, kuma da shi manyan asibitocin gwamnati na birnin ke samun ɗumi. Amfanin irin wannan tsari shi ne ana iya sauya abin da ake ƙonawa ba tare da an taɓa gidan kowa ba. An fara da kwal, aka koma man fetur da gas, aka haɗa da tururin da ke fitowa daga wuraren ƙona sharar birnin a Ivry da Saint-Ouen da Issy-les-Moulineaux, daga baya aka ƙara da itace. Tun 2016 sama da rabin ɗumin daga shara da makamashi mai sabuntuwa yake fitowa. Ban yarda a kira ƙona leda aikin tsafta ba, amma zafin da a da yake tashi sama a banza yanzu yana shiga ɗakin majinyaci.

Akwai kuma taska a ƙarƙashin ƙafar mutanen yankin. A zurfin mita 1,500 zuwa 2,000 akwai wani dutse mai shan ruwa da ake kira Dogger, ruwansa na da zafin digiri 56 zuwa 85, amma gishiri ya yi masa yawa, ba a iya zubar da shi a kogi. A garin Melun, kudu maso gabashin Paris, aka samo mafita a 1969: rijiya biyu, ɗaya a jawo ruwan, a tatse zafinsa, ɗaya a mayar da shi inda ya fito.

Sai girgizar 1973 ta zo. Yaƙin Larabawa da Isra'ila ya sa farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, Faransa kuwa kusan duk manta daga waje take saye. Gwamnati ta ɗauki hanya biyu a lokaci guda, amma ba da ƙarfi ɗaya ba. A Maris 1974 firaminista Pierre Messmer ya bayyana shirin gina tashoshin nukiliya da yawa. Mai karatu daga Nijar ya san inda wani kaso na yuraniyom ɗin ya fito: Arlit, inda kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak ya biyo baya a 1978. Fitilun Paris sun ci da ƙasar Arlit, alhali Yamai ta yi shekara da shekaru tana sayen yawancin wutarta daga Najeriya. Abin da ya fi ciwo shi ne, a daidai wannan zamani Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda shi ma a Paris ya yi karatu, yana Yamai yana jagorantar cibiyar ONERSOL, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da hasken rana, kuma bai sami jarin da aikinsa ya cancanta ba.

Hanya ta biyu ita ce tsimi. A 1974 aka kafa hukumar tsimin makamashi, wadda daga baya ta narke cikin ADEME ta yanzu, aka kuma fitar da dokar farko da ta tilasta wa masu gina sababbin gidaje su lulluɓe bango da rufi yadda ɗumi ba zai zurare ba. A 1976 aka fara tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin bazara don rage kunna fitila da yamma. A 1979 aka ƙayyade ɗumin ɗaki a digiri 19. Garuruwan da ke kewaye da Paris suka yi ta haƙa rijiyoyin Dogger a farkon shekarun 1980. Sai mai ya faɗi warwas a 1986. Gishiri na cin bututu, bashi na cin ƙananan hukumomi, aka rufe rijiyoyi da dama. Wutar nukiliya kuma ta yi yawa har ana neman masu saye, aka cika gidajen haya da ƙananan hita na lantarki masu arahar saye da tsadar amfani. Talakan da ke haya ne ya biya kuɗin wannan sakaci, kuma har yau yana biya.

Farfaɗowar sola ba daga gwamnati ta fito ba. A 1991 wasu masu adawa da tashar nukiliya ta Superphénix, a yankin Liyon, suka kafa ƙungiya mai suna Phébus. A 1992 suka yi karo-karo suka ɗora 'yan farantan sola, ƙarfinsu bai kai na dutsen guga biyu ba, a ƙauyen Lhuis da ke kallon tashar daga ƙetaren kogi, suka jona su da babban layin wuta. Idan rana ta take kuma gidan bai shanye wutar ba, sai mita ta riƙa juyawa da baya. Wannan ne karo na farko da aka yi haka a Faransa, kuma babu wata doka da ta tanadi abin. Ƙungiyar, wadda ta koma Hespul a 2001, tana Liyon har yanzu, kuma irin matsin lambarta na cikin abin da ya kai ga tilasta wa kamfanin wuta sayen wutar da gidaje ke samarwa.

Zafin Agusta 2003, wanda ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi, ya sauya maganar daga tsadar mai zuwa sauyin yanayi. Paris ta amince da shirinta na farko kan yanayi a 2007, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë. Bututun ruwan sanyi da aka fara shimfiɗawa a 1991 ya ƙara daraja: ana amfani da ruwan Seine a sanyaya ruwan da ke zagaya gine-gine irin su gidan tarihi na Louvre, maimakon kowane ofis ya rataya na'urar da ke fesa zafi a titi. A 2013 aka buɗe Halle Pajol, tsohon sito na jirgin ƙasa a arewacin birnin, da murabba'in mita 3,500 na farantan sola a kansa. Françoise-Hélène Jourda, haifaffiyar Liyon, ce ta zana shi. A Liyon kuwa aka ɗauki hekta 150 na tsofaffin ma'ajiyoyi a inda Rhône da Saône suka haɗu, aka gina unguwar Confluence. A can ne aka buɗe Hikari a 2015, gine-gine uku da Kengo Kuma ya zana da tallafin Japan, da nufin su samar da makamashi fiye da wanda suke ci. Hikari ne ke fitowa a hotuna. Ni dai gyaran Cité Perrache da ke kusa da shi ya fi burge ni, gidajen talakawa na shekarun 1930 da aka lulluɓe bangonsu, aka sauya tagogi, mazaunan kuma suka ci gaba da zama a unguwarsu.

Duk da haka ƙasar da ta karɓi baƙuncin yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a Disamba 2015 ita kaɗai ce a Tarayyar Turai ta kasa cika alƙawarinta na 2020: ta yi alƙawarin kashi 23 cikin ɗari na makamashi mai sabuntuwa, ta tsaya a wajen 19. A 2022 yaƙin Yukiren ya haɗu da tsatsar da aka gano a bututun wasu tashoshin nukiliya, kusan rabinsu suka tsaya, Faransa ta sayi wuta daga waje fiye da wadda ta sayar, abin da rabonta da shi tun 1980. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Aka tono tsohuwar dokar digiri 19, aka fara kashe fitilun hasumiyar Eiffel da ƙarfe 11:45 na dare maimakon ƙarfe ɗaya. A Maris 2023 aka yi dokar da ta wajabta rufe manyan filayen ajiye motoci da rumfunan sola. Farantan kuwa daga Sin suke zuwa, kamar na Kano da Maraɗi. Masana'antar farantan sola ta Photowatt da ke Bourgoin-Jallieu, kusa da Liyon, ta sanar da rufewa a farkon 2025.

Aikin da ya rage ya fi duk waɗannan wuya, domin a cikin tsofaffin gidaje yake. Dokar 2021 ta hana ba da sabuwar hayar gidajen da suka fi ɓarnar makamashi, masu alamar G, daga Janairu 2025, masu F daga 2028, masu E daga 2034. Amma bene ɗaya a Paris na iya zama mallakin mutum talatin, kuma sai sun zauna sun kaɗa ƙuri'a kafin a taɓa bango. Wanda ke zaune a tsakiya ba ya jin sanyin da na sama ke ji, bai ga dalilin biya ba. Masu kula da kayan tarihi kuma ba sa yarda a rufe fuskar ginin dutse ta waje. Ga kuma rufin. Mafi yawan gidajen Paris da tutiya aka rufe su tun zamanin Haussmann, wanda ya sake fasalin birnin, kuma duk wanda ya taɓa yini a ɗakin kwano a watan Afrilu ya san halin da ɗalibai da 'yan aikatau da baƙin haure ke ciki a ƙananan ɗakunan da ke ƙarƙashinsa idan bazara ta yi zafi. A Disamba 2024 UNESCO ta sanya sana'ar masu wannan rufi cikin al'adun duniya da ake karewa, a daidai lokacin da majalisar birnin ke neman hanyar da za a sa masa abin tare zafi ta ciki, ko a shafa masa fari, ko a shuka tsirrai a kansa, ba tare da masu kula da tarihi sun hana ba.