Daga Kakakin Fada Zuwa Fiyanon Situdiyo: Wa Ya Sauka Daga Kan Ki?

Bayan hawan Sallar da ta wuce a Kazaure, ɗan ƙanwata mai ƙaramin situdiyo ya naɗo busar kakaki da algaita a wayarsa, yana so ya ɗora musu kiɗan fiyano. Ya yi ta laluben maɓallai har bayan isha'i, bai samu inda busar ta zauna daram ba. Da na leƙa ɗakin sai ya ce mini, "Kawu, tsofaffin nan fa ba sa kan ki." Maganar ta tsaya mini a rai, domin na sha jin irinta a bakin samari, kuma tarihi bai goyi bayanta ba.

Duk sautin da tsirkiya ko bututu ya fitar, uwa ce tafe da 'ya'yanta. Kaɗa tsirkiyar garaya, sannan ka ɗora yatsa a hankali daidai tsakiyarta, za ka ji sautin ya hau, karkarwarsa ta ninka biyu. Taɓa ta a sulusi, ta ninka uku. Haka abin yake jere, huɗu, biyar, shida, kuma duk suna cikin sautin farko tun kafin ka taɓa. Kunne yana samun natsuwa idan sauti biyu suka haɗu a kan ƙaramin lissafi irin 2 da 1, ko 3 da 2, ko 5 da 4, saboda 'ya'yansu suna faɗawa wuri guda.

Kakaki ba shi da huda ko ɗaya ta yatsa. Dogon bututun ƙarfe ne kawai, sai leɓen mai busa da ƙarfin huhunsa. Saboda haka abin da yake iya fitarwa shi ne waɗannan 'ya'yan sauti, galibi guda biyu, na ƙasa da na sama. Biyun nan sun ishe shi ya kwaikwayi hawa da saukar muryar Bahaushe har ya faɗi taken sarki, jama'a su gane. Littafin Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara al'adar kakaki a Kano. Wasu na cewa ta Songhai ya biyo, ni kuwa na fi karkata ga masu danganta shi da dogon ƙahon sarakunan Arewacin Afirka, tunda fatake da malamai daga can ba su yanke wa Kano ba a zamanin Rumfa. Ko ta ina ya zo, lokacin da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, kakaki ya riga ya haura shekara ɗari uku a ƙasar Hausa.

Matsalar ta taso ne ga masu son kafe sauti a kan maɓallai. Tun zamanin Girkawan dā, almajiran Fisagoras sun san cewa in ka hau matakin 3 da 2 sau goma sha biyu, ba za ka sauka daidai inda matakin 2 da 1 sau bakwai ya kai ka ba. Sai ka zarce da kusan rubu'in tazarar da ke tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa. Malaman Musulunci ma sun yi ta lissafin nan. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, Safiyuddin al-Urmawi na Bagadaza kuma a ƙarni na 13 ya raba zangon sauti, wato tazarar 2 da 1, gida 17. Mai goge bai damu da wannan ragowa ba, yatsa kawai zai gusa. Mai maɓalli kuwa dole ya san inda zai ɓoye ta.

A nan Turawa suka shafe ƙarnuka suna jayayya. A 1523 Pietro Aaron ya bayyana saitin da ke tsuke wasu matakai don 5 da 4 ya fito tsab, amma ya bar wuri guda mai muni har ana ce masa kukan kyarkeci. Nicola Vicentino a 1555 ya kawo kayan kiɗa mai maɓallai fiye da talatin a zango ɗaya, don kada ya sadaukar da komai, sai dai ya yi wa yatsu goma wahala. Zarlino a 1558 ya tsaya kan tsantsar lissafin halitta. Can ƙasar Sin, Zhu Zaiyu ya fitar da lissafin raba zango gida 12 daidai wa daida a 1584, kafin Turai ta rungume shi. Werckmeister a 1691 ya kawo sulhun da ke barin a yi kiɗa a kowane ki, ko da yake kowanne da ɗanɗanonsa. Wajen 1700 Cristofori ya ƙera fiyano na farko a Italiya. Sai a ƙarni na 19 rabon daidai wa daida ya fara mamaye ko'ina, kuma a taron Landan na 1939 aka amince da karkarwa 440 a daƙiƙa a matsayin ma'aunin da za a riƙa ɗaure kayan kiɗa a kai.

Ga abin da sulhun ya ci. In aka raba tazarar maɓalli da maƙwabcinsa kashi 100, matakin 3 da 2 na halitta 702 ne, fiyano ya ba shi 700. Wannan kunne ba ya kamawa. Amma 5 da 4 na halitta 386 ne, fiyano ya ba shi 400. Na bakwai cikin 'ya'yan sauti kuwa ya kauce wa maɓallin da ya fi kusa da shi da kashi 31. Kowane fiyano mai wannan saiti a duniya, komai tsadarsa, da wannan 'yar karkata aka haife shi.

Wannan saitin ne ya shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990 cikin fiyanon Yamaha, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 ya zama muryar waƙar fim. Yaran da suka tashi a Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suna jin kaset, sannan waya, kunnensu ya saba da gida 12. Daga baya Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, ya zo yana jan muryar mawaƙi da kansa zuwa maɓalli mafi kusa.

Akwai masu cewa fiyano kimiyya ce, busar gargajiya kuwa kame-kame. Akwai masu ɗora laifin duka a kan finafinan Indiya. Ban yarda da ko ɗaya ba. Maƙerin kakaki bai taɓa auna bututunsa da 440 ba, ya yanke tsawon da ya gada, don haka uwar sautinsa na iya faɗawa tsakanin maɓallai biyu. Mai algaita kuma, da kumatunsa a kumbure yana shaƙar iska ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, yana lanƙwasa sauti ne ya bi harshe. Ma'auni biyu ne daban, kuma na kakakin ne ya girmi ɗayan.

Ba na ƙin fiyano. Ya ba samari da yawa sana'a, ya kai waƙar Hausa inda ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ke damuna shi ne a mayar da sulhun wasu ya zama alƙalin kayanmu. Fiyanon zamani da manhajar kwamfuta suna da wurin gusa saiti sama ko ƙasa. Yamaha ma tana ƙera na musamman don Larabawa da Turkawa, saboda sun ƙi yarda a daddatse musu sautukansu, kasuwa kuwa ta bi su.

Washegari muka koma ɗakin da ɗan ƙanwata. Na ce ya bar busar yadda take, ya taɓa saitin fiyanon. Ya riƙa saukar da shi kaɗan-kaɗan, kakakin na ta maimaituwa a lasifika, har aka kai inda rawar da ke tsakanin sautukan biyu ta lafa, suka zama kamar bakinsu ɗaya. Ya cire hannunsa daga maɓallan ya saurara. Sannan ya tambaye ni ko na san gidan mai busar, yana so ya je ya gaishe shi.