Farin Ɗigon da ke Jikin Tsohon Tebur: Tarihin Cike Ramukan Katako

Idan ka duba tsohon teburin mahogani da aka ƙera a Ingila a ƙarni na 19, sau da yawa za ka ga ƙananan fararen ɗigo a jikinsa. Ɗigon nan sawun wata dabara ce ta kafintocin wancan zamani.

Mu fara da katakon kansa. A jikin bishiya akwai siraran bututu da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Da an yanka katako, sai bakin bututun ya buɗe ya zama ƙananan ramuka. A wasu itatuwa, kamar mahogani da ɗan'uwansa maɗaci, ramukan manya ne, don haka idan ba a cike su ba, banish zai riƙa nutsewa, fuskar ba za ta yi santsi ba.

A farkon ƙarni na 19 wani salon goge katako daga Faransa ya bazu a Turai. Ana amfani da shalak, wani ƙaro da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a kan rassan bishiya a Indiya da Tailan. Sai a narka shi a alkohol, a barbaɗa garin dutsen nan mara nauyi da ake goge kaushi da shi, a yi ta murzawa da ƙullin tsumma. Garin dutsen yana cin katakon kaɗan-kaɗan, ƙurar ta haɗu da shalak ta toshe ramukan, launin kuma ya zo ɗaya. Aikin yana kyau, amma fa yana cin lokaci.

Da masana'antu suka yawaita, sai aka nemi hanyar sauri: farar hodar filasta, irin wadda ake silin da ita yau. A cusa ta a ramukan, a shafa mai, farin ya ɓuya. Bayan shekaru man ya bushe, farin ya sake bayyana. A shekarun 1920 kuma banish na feshi ya shigo, aikin hannu ya ja baya.

Wurin da ya fashe ko ya ɓantare kuwa, tsofaffin kafintoci sukan ɗiga narkakken shalak ko kakin zuma, ko su kwaɓa garin katako da gam ɗin fatar dabba, ko su dasa guntun katako iri ɗaya. Duk waɗannan ana iya cire su da zafi, ko ruwa, ko alkohol. Shi ya sa masu adana kayan tarihi har yau suke son su.

Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Abin cikewa mai tauri kamar dutse ba ya bin wannan motsi, sai ya tsage ko ya tsaga gefensa. Saboda haka kafin ka miƙa wa kafinta kabad ɗin gado, tambaye shi da me zai cike, kuma ko za a iya cire shi nan gaba.