Agara da Hanyar Assamakka

Duk wanda Allah ya taɓa jarrabawa da ciwon agara, wato jijiyar nan da ta ɗaure dunduniya da sha-raɓa, ya san cewa ba ta son gaggawa, domin ko maɗori ya murza ta da man shanu, ko likita ya naɗe ta, hukuncinsu ɗaya ne: a huta, sa'an nan a koma tafiya sannu sannu a kan ƙasa mai tauri, kafin a yi tunanin gudu ko shiga rairayi, wanda yake nutsar da dunduniya ya miƙe jijiyar fiye da kima. Masu tseren daji na zamani sukan ba ta makonni, har watanni. Hanyar da ta bi ta Assamakka kuwa ba ta taɓa ba ƙafa irin wannan uzuri ba.

A shekarar 1353, daidai da 754 ta Hijira, Ibn Battuta ya tashi daga Takedda ya nufi Tuwat ta hanyar ƙasar Ahaggar, cikin ayarin da ya ƙunshi kuyangi kimanin 600, kuma mai hankali ba ya bukatar a gaya masa yadda ƙafafunsu suka kasance, tun da yake raƙumi na kaya ne da na masu dukiya, madugu kuma ba shi da ikon tsayar da ayari tsakanin rijiya da rijiya saboda mutum guda mai ɗingishi.

Bayan ƙarnoni sai mota ta zo. Aka sami yuraniyom, aka kafa Arlit a 1969, aka buɗe mahaƙar Akokan wadda aka rufe a 2021, Assamakka ta zama ƙofar kwastan tsakanin Nijar da Aljeriya, daura da In Gezzam, har masu tseren motoci na Paris-Dakar suka ratsa ta a 1979. Jama'a suka ɗauka zamanin tafiyar ƙasa ya shuɗe.

Alhali kuwa ya komo, ta fuskar da ba a zata ba. Tun wajen 2017 hukumomin Aljeriya suke sauke dubban baƙin haure a wurin da ake kira Point Zéro, sau da yawa cikin dare, su taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamakka, da mata masu goyo, da mai targaɗe, da wanda faso ya tsaga wa dunduniya. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sukan wanke raunukan su ɗaure, Allah ya saka musu, amma jinyar jijiya hutu take so da abinci, garin kuma ƙarami ne, Arlit tana nesa da kimanin kilomita 200.

Ina roƙon mahukuntan ƙasashen biyu, don girman Allah, su kai mutanen nan har bakin gari cikin mota.