Daga Akwatin Bango Zuwa Rediyon Jami'a

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano, da zarar ya wuce Rijiyar Zaki zai tarar da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, in ya ƙara gaba kaɗan kuma sai Janguza, wato ya shiga ƙasar Tofa ke nan. A cikin wannan jami'a akwai gidan rediyo mai suna BUK FM, a kan mita 98.9. Ɗan ƙarami ne in an gwada shi da Rediyon Kano, to amma kafin a kai ga makaranta ta mallaki irinsa an sha doguwar tafiya, kuma ya kamata marubuci ya san ta.

Rediyo ya fara shigowa Kano ne ta waya a shekarar 1944. Akwati ne na katako da ake kafawa a bango, a ja masa waya daga tasha, mai gida ya riƙa biyan kuɗin haya. Ba a murɗa shi a nemi wata tasha. Abin da hukuma ta sako shi za ka ji. Daga cikin waɗanda suka riƙe aikin a farkonsa akwai Malam Bello Dandago, wanda shi da Malam Isa Kaita suka yi aikin watsa labarai da Hausa daga birnin Ankara na ƙasar Gana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sunansa ne yau a kan hedikwatar Rediyon Kano. Sai dai wayar nan iyakarta birni da kewayensa. Manomin Lambu ko Langel sai in ya shigo cin kasuwa yake jin akwatin yana magana.

Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne zuwan ƙaramar rediyo mai batir, da kuma buɗe Rediyon Kaduna a 1962. Nan ne Bahaushe ya ɗaura aure da rediyo. Ana rataya ta a reshen bishiya ana noma, ana tafe da ita a kan keke, ana zagaye ta da dare a dandali don jin Zaɓi Sonka da Jakar Magori, ko wasannin kwaikwayo irin su Samanja da Duniya Budurwar Wawa. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, mu marubuta. Waɗannan wasanni wasu ne suka zauna suka tsara su, kuma sun isa kunnen mutanen da ba su taɓa buɗe littafi ba. Kaɗan ne daga cikin littattafanmu suka yi irin wannan nisa.

Duk da haka, makarufo yana hannun gwamnati ita kaɗai har zuwa 1992, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta fitar da doka mai lamba 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta kuma ba 'yan kasuwa damar neman lasisi. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuwa ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003. Makarantu sun biyo baya. Jami'ar Legas ce ta fara samun lasisin rediyon makaranta a 2002, daga bisani sauran jami'o'i suka samu, ciki har da Bayero da Ahmadu Bello ta Zariya. Rediyon al'umma na ainihi, wanda mutanen gari ke mallaka, sai a 2015 aka amince da rukunin farko na lasisi 17 a duk faɗin Nijeriya. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nesa ba kusa ba: tun 1962 suke da ƙungiyoyin sauraron rediyo a karkara, a 1999 kuma suka buɗe tashar ƙauye a Bankilare mai aiki da hasken rana.

To, yaya irin wannan gida yake gudana? A ƙa'idar NBC, rediyon makaranta wurin koyo ne, ba kasuwa ba, kuma ba dandalin jam'iyya ba. Ana taƙaita ƙarfin na'urarsa don kada muryarsa ta yi nisa ainun. Malaman sashen koyon aikin jarida su ke sa ido, tare da 'yan ma'aikata ƙwararru, ɗalibai kuma su ne ke nemo labari, su rubuta, su karanta, su haɗa sauti. Kuɗin tafiyar da shi galibi daga aljihun makaranta yake fitowa, don haka man janareta kaɗai ya isa ya hana manaja barci. Ga kuma hutu da yajin aiki, waɗanda kan kwashe ma'aikatan sa-kai a dare ɗaya. Ɗalibin da ya goge kuwa, yana gogewa yake kammala karatu ya tafi.

A ganina, babbar tambayar da ke gaban irin wannan tasha ita ce da wa take magana. Muryar rediyo ba ta san katangar makaranta ba, balle a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta yammacin Kano, inda ƙauye ke jingine da ƙauye, ba dutse ba tsauni. Mutumin Janguza da ke shuka gero da dawa da gyaɗa ya fi yawancin mazauna birni kusa da eriyar. In har shirye-shiryen suka tsaya ga Turanci da al'amuran ɗalibai, an bar maƙwabci a waje, alhali a jami'ar akwai masana noma da lafiya da harshe da yake bukatar jin ta bakinsu.

Masanin kuwa ba lallai ne ya iya maganar da manomi zai saurara ba, kuma wannan gurbi namu ne. Rubutun kunne dabam yake da na ido. Mai sauraro ba ya komawa baya ya sake karanta layi, saboda haka jimla gajera ake so, suna a maimaita shi, lissafi a sauƙaƙa shi, a wasan kwaikwayo kuma a gane kowa da muryarsa tun kafin a ambaci sunansa. Mai sha'awar gwadawa ya ɗauki gajeren labarinsa guda, ya mayar da shi wasa na minti 15 mai 'yan wasa uku ko huɗu, ya karanta wa wanda bai yi boko ba, ya gyara duk inda ya ga hankalinsa ya tafi, sa'an nan ya kai wa mai kula da shirye-shirye.